Siki a Damagaram: kundin aikin hunturun bana

Asabar, 8 ga Nuwamba 2025

Ranar 6 ga Fabrairu mai zuwa za a buɗe gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Italiya, tsakanin Milan da Kortina, a rufe ta ranar 22. A wannan lokaci agogon Italiya da namu ɗaya ne, tseren da aka fara ƙarfe sha ɗaya a can, sha ɗaya ne a Zinder. Ɗaliban da nake koyar wa motsa jiki za su ci karo da hotunan a wayoyinsu, mai sharhi kuma zai yi ta zuba musu wani Faransanci na mutanen duwatsu wanda babu shi a littafin lakwal. Shi ya sa na ɗaura niyyar haɗa musu ɗan littafi da Hausa kan kalmomin siki, wato zamiya kan dusar ƙanƙara da dogayen katako biyu ɗaure a ƙafa, da sauran wasannin dusar.

Ba ƙamus zan yi ba. Yaron da bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, in ka jera masa kalma da fassararta, haddacewa kawai zai yi ya manta bayan jarrabawa. Sai ya riƙe abin a hannunsa, ya ga inda ya lanƙwashe da dalilin lanƙwasar. Don haka aikin kashi biyu ne: rubutun, da kuma sassaƙa siki guda biyu na katako a nan garin.

Nijar ba ta taɓa tura ɗan wasa gasar lokacin sanyi ba. Lambobinmu biyu na Olamfik duk na bazara ne, tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016. Wani abokin aikina ya ce to mene ne na wahalar da kai? Na ce masa yaran nan sun san sunayen 'yan bayan Real Madrid har da na benci, ba kuma don za su buga a can ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na kai zanen sikin wurin wani dattijon kafinta a Sabon Gari. Ya juya takardar, ya sake juyawa.

"Malam, wannan falankin naka ai ba a miƙe yake ba. Ko hannunka ne ya karkace?"

"Haka ake so, Baba. Kai da wutsiya masu faɗi, ƙugu siriri."

A nan ne duk sirrin siki na zamani yake. Gefensa ba miƙaƙƙen layi ba ne, yanki ne na wani babban da'ira. In mutum ya kishingiɗar da sikin kan gefensa ya danna da nauyinsa, katakon ya lanƙwashe, gefen ya kama dusar, sai ya bi wannan da'ira da kansa ba tare da an murɗa ƙafa ba. Shi ya sa ake rubuta wa kowane siki tsawon sandar da'irarsa da mita, wato nisa daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta. Na silalom, tseren kewaye sanduna dama da hagu, gajere ne, dokar hukumar siki ta duniya ta ce kada ya gaza santimita 165 ga maza, 155 ga mata, kuma da'irarsa 'yar ƙarama ce, wajen mita 13, don ya juya da sauri. Na tseren gangara kuwa dogo ne, na maza bai gaza santimita 218, da'irarsa mita 50, shi ba ya son juyi, gudu yake so.

Akwai lanƙwasa ta biyu. In ka ajiye siki a ƙasa ba kowa a kai, tsakiyarsa a ɗage take, kai da wutsiya ne kawai ke taɓa ƙasa. Ban gama bayani ba Baba ya karɓe zancen: in mutum ya hau, nauyinsa zai bazu tun daga kai har wutsiya, maimakon ya taru ƙarƙashin ƙafa. Ya ce sai an manna siraran katako biyu ko uku da gam, a ɗaure su kan wani abu mai doro har su bushe. Haka ma masana'antu suke yi, sai dai su suna ƙara zaren gilas da ƙarfe a tsakani.

Bakin ƙarfe da ke bin gefen siki daga sama har ƙasa, wanda Faransawa ke kira "kar", mun bar shi. Aikinsa yanka ƙanƙara mai tauri, mu kuma ba mu da ita. Zan nuna wa yara wurinsa da jan fenti.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Baduku ya ce zai yi maɗaurin ƙafa da fata da robar taya. Sanduna biyu na gora sun samu.

Ina zana masa maɗaurin ne na ga yadda ya kamata in tsara littafin duka. Tambaya ɗaya ce ta raba wasannin siki gida biyu: diddige a ɗaure yake ko a sake? In takalmin a kulle yake gaba da baya, wasan gangarowa ne daga kan dutse, irin na tsaunukan Alf. In yatsu kaɗai aka kama, diddige na ɗagawa, wasan mutanen arewacin Turai ne, tafiya mai nisa da tsalle da biyatalon, wato gudu da harbi. Wanda ya iya duba diddige ya san gidan da wasa yake tun kafin mai sharhi ya buɗe baki.

Maɗaurin gaske na gangarowa yana da sifirin a ciki, ana saita shi gwargwadon nauyin mutum da ƙwarewarsa, don ya saki takalmin in an faɗi kafin ƙashi ya karye. Namu ba zai saki komai ba, saboda haka na ce wa baduku ya bar shi sako-sako yadda ƙafa za ta zame da kanta.

Talata, 2 ga Disamba

Hazo ya sauko sosai, yara duk sun zo da rigunan sanyi. Katakon bai bushe ba, sai muka yi darasin motsi ba tare da shi ba, a ɗan gangaren da ke bayan filin wasa.

Na saki ƙwallo daga sama, na sa wani yaro ya bi sawunsa yana jan layi da sanda. Wannan shi ne layin gangara, hanyar da duk wani abu zai bi in aka bar shi da nauyinsa. Kusan duk kalmomin motsi a siki bayani ne kan yadda mutum yake tsaye game da wannan layi. Ka bi shi sak, ƙafafu a jere, ba juyi ba birki, ana cewa "shus". Ka gitta shi, gudu ya ragu. Ka tsaya a kansa a gicciye, ka tsaya cik. Tseren kansa bai wuce tsallaka layin nan dama da hagu ba, da neman yin hakan ba tare da zubar da gudu ba.

In kana a gicciye, ƙafa ɗaya tana ɓangaren tudu, ɗaya ɓangaren kwari. Nauyi kan ta kwari ake ɗora shi. Nan ne sabon shiga ke shan ƙasa, don tsoro na sa shi ya jingina baya, ya karkata wajen tudu yana neman inda zai dafa, sai sikin ya suɓuce daga ƙarƙashinsa. Da na ga bayanin bai shiga ba, na kira wani yaro mai zuwa kokowa na ce ya yi tsayuwar da yake yi in an buga ganga. Gwiwa a durƙushe, ƙirji gaba, hannuwa a gaba, nauyi kan tafin ƙafa. Na ce to ga tsayuwar siki nan. Ɗan kokowar da ya miƙe ya koma kan diddige ya riga ya faɗi, haka ɗan siki.

Birkin farko da ake koya wa kowa shi ne a haɗa kawunan siki a buɗe wutsiyoyi. Sunansa na Faransanci "shas-nej", an aro shi daga motar da ke share dusar ƙanƙara a kan hanya. Daga nan ake koyon juyi da ƙafafu a jere. Sai tsugunnon da masu gudu ke yi, a dunƙule, sanduna a hammata, don iska ta wuce ta sama. Bafaranshe Jean Vuarnet ne ya fito da shi fili lokacin da ya ci zinaren gangara a 1960, suna kiransa zaman ƙwai. Yara sun yi ta gwadawa suna dariya, babu wanda cinyarsa ta jure minti ɗaya. Masu tseren suna yin kusan minti biyu a haka, ƙasa tana girgiza su.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na rubuta shafin tseren gangarowa. Iri huɗu ne, kuma bambancinsu tazarar ƙofofi ce: gangara zalla, sufa-ji, babban silalom, silalom. Kana tafiya daga na farko zuwa na ƙarshe ƙofofi na ƙara matsewa, siki na gajarta, gudu na raguwa. "Ƙofa" a nan sanduna ne ja da shuɗi da ake kafawa bi da bi, dole ƙafafu biyu su bi ta daidai. In sanda ta shiga tsakanin ƙafafun mutum, an fitar da shi, komai kyan lokacinsa.

Silalom da babban silalom sau biyu ake sauka a haɗa lokacin. A zagaye na biyu, talatin na farko suna fitowa ne a juye, wanda ya fi kowa sauri shi ne na ƙarshe. Na ja layi ƙarƙashin wannan, don in ba a sani ba za a ɗauka wanda aka gani yana jagora a tsakiyar kallo shi ya ci. Baturen Ingila Arnold Lunn ne ya kafa silalom irin na yau a garin Mürren na Suwis a 1922, shekara biyu kafin gasar sanyi ta farko a Shamoni ta Faransa.

Ana auna lokaci da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, amma duk da haka a Olamfik ta Sochi a 2014 Tina Maze da Dominique Gisin suka yi kunnen doki a gangarar mata, aka ba kowacce zinare. Batun gudu kuma, Johan Clarey ya kai kilomita 161.9 a awa a Wengen ta Suwis a 2013. Na karanta wa Baba kafinta wannan adadi, ya ce Allah ya kyauta, shi ko a mota bai yarda direba ya kai rabin haka ba.

Asabar, 27 ga Disamba

Hutu ya samu, siki ya gamu. Wani abokin aikina ɗan wajen Gure ya ce akwai jigawa mai tsayi kusa da garinsu, muka ɗaure katakon a saman mota muka tafi. Ban ɗauki ɗalibi ko ɗaya ba, sai na ga abin da idona.

Da farko ko motsi bai yi ba. Na tsaya a kan gangaren, na tura da sanduna, katakon ya nutse ya kafe. Yaran garin suka taru suna kallo, wani ya tambaya cikin ladabi ko wani sabon awon fili ne gwamnati ta aiko.

Dalilin a fili yake. Dusar ƙanƙara tana da sulɓi ne domin gogayya tana narkar da ɗan abin da ke saman ta, siki ya zame kan wani siririn ruwa da ido ba ya gani. Tafin sikin gaske roba ce ta musamman, ana kuma shafa mata kaki gwargwadon sanyin ranar da danshin dusar. Wannan shafe-shafe sana'a ce mai zaman kanta, manyan ƙungiyoyi suna yawo da mota guda cike da masu yin ta, kuma tun daga kakar 2023 an haramta kakin da ke da sinadarin fulo saboda illarsa ga masu aikin da ƙasa. Rairayi kuwa ba ya narkewa, cin katako kawai yake yi.

Muka sayo kyandir a shago muka goge tafin har ya yi sheƙi, muka koma ɓangaren jigawar da iska ke zubo da rairayi, inda ya fi tsaye. Busasshen rairayi ba ya tsayuwa fiye da digiri 33 ko 34, da ya wuce haka sai ya zube, to wannan fuskar ce mafi gangara da za a samu. A nan ya tafi. Ba nisa, amma ya tafi, kuma duk abin da na faɗa wa yara a filin lakwal ya tabbata a jikina: da na ji tsoro na koma baya, sai ga ni zaune. Wani ɗan saurayi mai kiwo, siriri, ya roƙa a ba shi. Ya durƙusa, ya miƙa hannu gaba ba wanda ya koya masa, ya sauka har ƙasa a tsaye. Juyi dai bai yiwu ga kowa ba, rairayin yana riƙe gefen.

Kakin kyandir sauka ɗaya yake yi ya ƙare. Hawowa kuma ita ce azabar, taki biyu gaba, ɗaya ya zame. A nan na gane dalilin da ya sa kalmomin na'urorin hawa suka yi yawa a wannan wasa, kujeru masu tafiya kan igiya, akwatunan da ke rataye, sandar da ke jan mutum a tsaye. Kujerun igiya na farko an kafa su a Sun Valley ta Amurka a 1936. Kafin a sami na'urorin hawa, mutum yakan yi sa'o'i yana hawa don saukar 'yan mintoci.

Ba mu muka fara ba, a Namibiya da Peru ana zamiya kan jigawa, a Jamus ma akwai tudun farin yashi a Hirschau da ake yi a kai.

Litinin, 5 ga Janairu 2026

Na mayar wa Baba da katakon, tafin duk ya kwarzane. Ya ce a manna masa fomeka irin ta saman tebur. Masu allon zamiya na rairayi ma ita suke sawa. Ya ƙi karɓar kuɗin aikin na biyu, ya ce in dai za a nuna masa hoton masu gudun nan a waya.

Laraba, 14 ga Janairu

Gidan sakakken diddige. Tafiya mai nisa salo biyu ce: na gargajiya, inda siki ke bin ramuka biyu da aka shata a jere, da na tura ƙafa gefe-gefe, wanda ya fi sauri. Tsere mafi shahara a wannan fanni shi ne Vasaloppet na Suwidin, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, ana yin sa tun 1922.

Biyatalon ne ya fi kama hankalin yara, gudu da harbi. Bindigar tana goye a baya, ba ta gaza kilo uku da rabi. Abin harbi biyar ne a nisan mita 50, faɗin kowanne milimita 45 in a kwance za a harba, 115 in a tsaye. Duk wanda aka kuskure, sai a zaga wani ɗan da'ira na mita 150, a wani nau'in kuma a ƙara wa mutum minti ɗaya. Na yanka baƙaƙen da'irori na kwali daidai wannan awo, na kafa su a mita 50. Na sa yara suka zaga fili da gudu, sannan kowa ya tsaya ya miƙa hannu ya nuna ƙaramin da yatsa. Ba yatsan da ya tsaya wuri ɗaya. Wata yarinya tana haki ta ce, "Mushe, ai zuciya ce ke harbin, ba hannu ba." Na rubuta maganarta a shafin kamar yadda ta faɗa.

A tsalle, nisa kaɗai ba ya ba da nasara, alƙalai suna ba da maki kan kyan tashi da sauka, ana kuma lissafa iska. Saukar da ake so ita ce ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a durƙushe, ana kiranta telemak, sunan yankin Norwe da Sondre Norheim ya fito, mutumin da ake ɗauka uban siki na zamani. Buɗe siki a sama kamar harafin V kuwa Jan Boklöv na Suwidin ne ya yaɗa shi a shekarun 1980, alƙalai suka yi ta rage masa maki kafin kowa ya koma yin haka. Tsalle mafi nisa da aka amince da shi a gasa mita 254.5 ne, Domen Prevc ya yi shi a Planica ta Sloveniya a Maris 2025.

Lahadi, 25 ga Janairu

Na yi niyyar tsallake shafin launukan hanyoyi, sai na tuna cikin yaran nan akwai waɗanda karatu zai kai Faransa ko Maroko, inda akwai wurin siki a Oukaïmeden kusa da Marrakesh. Wata rana abokai za su ja ɗayansu kan dutse. A ganina wannan ne kaɗai shafin da zai iya tsare ran wani.

Hanyar da aka gyara aka kafa wa alamu ita ce "fist". A Faransa kore ta 'yan koyo ce, shuɗiya mai sauƙi, ja mai wuya, baƙa ta ƙwararru. A Amurka alamun daban ne, koren da'ira, shuɗin murabba'i, baƙin lu'ulu'u. Duk abin da ke bayan alamun ba a gyara shi ba, kuma can ne dusar ke ɓallewa ta rufto. Ruftowar ta fi aukuwa a gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45, kullum kuma ana sanar da matakin haɗari daga 1 zuwa 5. Wanda ta binne, in an tono shi cikin minti goma sha biyar yawanci yana rayuwa, bayan nan dama tana raguwa da sauri. Shi ya sa masu fita bayan alamu ba sa rabuwa da abu uku: na'urar gano wanda aka binne, doguwar sandar tsira dusar, da shebur.

Na ƙara rabin shafi kan 'yan Afirka. Lamine Guèye na Senegal ya yi tseren gangara a Olamfik ta Sarayebo a 1984. Philip Boit na Kenya ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10 a Olamfik ta Nagano a 1998, wanda ya ci zinaren, Bjørn Dæhlie, ya tsaya a bakin layi ya jira shi. Maƙwabtanmu 'yan Najeriya sun kai mata uku a keken zamiya na bobsile a 2018, sannan Samuel Ikpefan ya wakilce su a tafiya mai nisa a 2022.

Laraba, 4 ga Fabrairu

An buga littafin a wani shagon hoton takardu kusa da jami'a. Zanen layin gangara ya fito da duhu, na bi kowane kwafi da jan biro.

Abin da na saka a ƙarshe shi ne sabon wasan da zai shiga Olamfik karon farko a bana, hawan dutse da siki. Shi ya haɗa gidajen biyu: ana hawa da diddige a sake, an manna wa tafin siki wata fata mai gashi da ke hana zamewa baya, a can sama a ɓare fatar, a kulle diddige, a gangaro. A Bormio za a yi shi, inda maza za su yi tseren gangarowa. Na mata yana Kortina, wadda ta taɓa karɓar gasar a 1956, biyatalon kuma a Anterselva.

Allon zamiya na ƙafa biyu a kan katako ɗaya, hoki, da wasannin kan daskararren ruwa duk ban taɓa su ba, kowannensu yana buƙatar nasa littafin.

Shugaban makaranta ya yarda a yi kallo a aji bayan an tashi, a makon farko kawai, tunda ana sa ran azumi zai kama kafin a rufe gasar. An ara mana talabijin da batir saboda ɗaukewar wuta. Sikin da fomekarsa suna jingine a bayan allo, ba a gwada su kan rairayi ba tukuna, sai hutu mai zuwa. Gobe zan bi ta Sabon Gari in gaya wa Baba lokacin tseren gangarar maza, in kuma karɓo sanda ɗaya da ta tsage wadda ya ce zai ɗaure da waya.